Awoyin ƙari: a biya ma'aikaci da kuɗi, hutu ba ya cefane

Ungozoma ta gama aikinta da la'asar, amma naƙuda ta riƙe ta gidan likita har tsakar dare. Ɗan duwan ya kwana bakin iyaka saboda motocin kaya sun yi jere. Waɗannan awoyi da suka ƙara bisa aikinsu, da mi gwamnati za ta saka musu? Hanya biyu ce: ko a ƙara musu kuɗi bisa albashi, ko a rubuta musu ranakun hutu su ɗauka nan gaba. Ni dai ina bayan kuɗi, kuma ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin dalili.

Hutun da aka rubuta a takarda bashi ne, ku kuwa kun san halin bashi. Yau ma'aikaci ya yi aikin, amma sai ranar da mai gidansa ya ga dama zai huta. To mi ya sa tun farko aka riƙe shi bayan tashi? Ƙarancin ma'aikata. Wurin da mutum biyu ke aikin mutum biyar, yaushe za a saki ɗaya ya tafi hutu? In kuma an sake shi, ke ce, uwargida, za ki rufe rumfarki ki tafi neman takarda ofishin magajin gari, a ce miki mai sa hannu yana hutu, ki komo jibi.

Kuɗi kuwa ba ya kwana aljihun ma'aikaci. Jika goma da aka ƙara masa, kafin sati ta watsu wurin mai hatsi, mai nama, tela da mai kayan miya. Manyanmu ba su manta shekarun 1990 ba, lokacin da ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, ga kuma karyewar darajar sefa a 1994. Littafin bashi ya cika a kantuna, ciniki ya tsaya daga Yamai har Damagaram.

Masu son tsarin hutu suna iya kawo misalin Amurka. Gaskiya ne, tun 1985 dokar can ta yarda jihohi da birane su saka wa ma'aikatansu da hutu. Amma ku ji sharuɗɗan. Kowace awa ɗaya ta ƙari, awa ɗaya da rabi ce ta hutu. Ba a tara wa mutum fiye da awa 240, ko 480 ga ƴan sanda da ƴan kwana-kwana. Abin da ya wuce nan, tsabar kuɗi ake biya. Ranar da ya bar aiki kuma, sauran hutun da bai ci ba a lissafa masa shi kuɗi. Ashe ko can sun san bashi ne.

Mu a nan, dokar ƙwadago ta 2012 ta tsaida aikin sati bisa awa 40, kuma mai kamfani da ya wuce haka sai ya biya ƙari. Gwamnatin da ta ɗora wa wasu wannan doka, ita ya kamata ta fara ba da misali.

Wanda gajiya ta kama ya ce shi hutu yake so, a ba shi, a rubuce, da ranar da zai ɗauka. Amma zaɓi ya zama nasa. Addininmu ma ya hore mu da sallamar ɗan ƙwadago tun zufarsa ba ta bushe ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, ku sa baki in ana wannan magana, don kuɗin nan rumfunanku zai zo.