Wanda ya hau kujera, ya faɗa mana abin da ya zo da shi

Ƴan uwa matasa, yau ina so mu yi magana kan dokokin da ke kan ma'aikatan gwamnati da masu riƙe da muƙami. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ke damuna shi ne a kan wa suke aiki.

Mu fara da ƙaramin ma'aikaci. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake ɗaukar shi aiki, yadda ake ƙara masa girma da yadda ake hukunta shi. In ya bar wurin aikinsa ba izini, akwai horo. Ba ni da ja da wannan. Malamin makaranta da ke ƙauyen Tahoua ko ma'aikaciyar likita a Dakoro, albashinsu daga harajin talaka yake fitowa, dole su tsaya wurin aiki. Amma in doka tana iya bin sawun malami har ƙauye, me zai hana ta shiga ofishin mai sa hannu kan miliyoyi a Yamai?

Ku tuna, bayan babban taron ƙasa na 1991, an fitar da doka a 1992 kan tara dukiya ta haramtacciyar hanya. Ma'anarta a sauƙaƙe: in dukiyarka ko irin rayuwar da kake yi ta fi ƙarfin abin da kake samu ta halal, sai ka yi bayani. To amma ta yaya alƙali zai san dukiyarka ta ƙaru in ba a san abin da ka zo da shi ba? Ai sai an auna buhu kafin a ce ya ƙaru ko ya ragu.

Shi ya sa tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya wajabta bayyana dukiya. Shugaban ƙasa cikin awa 48 bayan rantsuwa, firaminista da ministoci cikin kwana 7 bayan kama aiki. A sabunta kowace shekara, a sake yi ranar sauka, kuma a buga a jaridar gwamnati jama'a su gani. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan 26 ga Yuli 2023, amma dalilin da ya sa aka rubuta ƙa'idar yana nan daram. Dukiyar ƙasa amana ce ko farar hula ke mulki ko soja.

Mun ga abin da rashin sa ido ke jawowa. Binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 ya nuna asarar kuɗi sama da miliyar 70 na sefa, ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a lokacin da sojojinmu ke mutuwa a Inates da Chinagodar. An kafa HALCIA a 2011, sannan aka kafa COLDEFF a 2023. Hukumomi sun canza suna, amma duk suna zuwa ne bayan kuɗi sun riga sun fita. Bayyana dukiya tun ranar farko rigakafi ne.

Na san wasu za su ce tona asiri ne, ko kuma a ce ɓarayi za su san gidan mutum. Gaskiya ne akwai abin dubawa. Ana iya ɓoye lambar asusun banki da adireshin gida, a bar adadi. Wasu kuma su ce mutum zai sa gida da sunan matarsa ko ƙaninsa. To, a faɗaɗa dokar ta haɗa da mata da ƴaƴa ƙanana, a kuma gwama takardar da rajistar filaye da ta haraji. Wanda ya yi ƙarya a rubuce ya bar wa alƙali hujja da hannunsa.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. A wajabta bayyana dukiya ga ministoci, gwamnoni, shugabannin kamfanonin gwamnati, manyan jami'an kwastan da na haraji, da masu ba da kwangila. A buga ta inda kowa zai karanta, a kuma karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Wanda bai miƙa ba a kan lokaci, a tsayar da albashinsa, kamar yadda ake yi wa ƙaramin ma'aikaci.

Mutumin kirki wannan dokar kare shi take yi. Ranar da ya sauka, in ƴan tsegumi a fada suka ce ya ci, sai ya ɗauko takardarsa ya nuna. Yau kam, mai gaskiya da maciyi duk zargi ɗaya ake yi musu, saboda ba mai takardar da za ta raba su.

Mu ma da namu. Mu daina kiran ma'aikacin da ya yi ritaya ba bene da sunan wawa, mu daina tafa wa wanda ya gina unguwa guda cikin shekara biyu. In an naɗa ɗan garinku, ku je barka, sannan ku tambaye shi ko ya miƙa takardar dukiyarsa.