Ba Kowane Jini Ke Ɗaukar Kowane Magani Ba

A zangunan Salaga da Yendi da Bawku na ƙasar Ghana, an ɗauka cewa maganin zazzaɓin cizon sauro ɗaya ne ga kowa: wanda ya warkar da maƙwabci, shi za a sayo a kemis a ba yaro. In bayan kwana biyu idon yaron ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, sai a ce shawara ce, ko a ce maganin ne ke wanke cuta. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana iya cin rai.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin G6PD, mai kare su daga gubar wasu magunguna. Mutane kimanin miliyan 400 a duniya sun gaji ƙarancinsa, Afirka ta Yamma kuwa tana cikin wuraren da ya fi yawa. Ya fi kama maza, kuma ɗa namiji daga mahaifiyarsa yake gadonsa. Ba sikila ba ce, mai shi kan tsufa lafiya lau bai sani ba. Amma ranar da ya sha magani irin primaquine ko dapsone, sai ƙwayoyin su riƙa fashewa, tsofaffin cikinsu ke fara tafiya. Jan da ya tsiyaye daga cikinsu shi ke rina fitsari, wani lokaci har ya taɓa ƙoda. Abin da ake murnar fitarsa, jinin yaron ne.

Likitoci a Chicago suka gano dalilin a 1956. A 2008 kamfanin GSK ya janye Lapdap, maganin zazzaɓin da aka haɗa musamman domin Afirka, saboda wannan ɓarnar. A Ghana ma ƙa'idar awon ciki ita ce a gwada G6PD kafin a ba mai juna biyu maganin zazzaɓi mai suna SP. Abin takaici, wannan SP ɗin ne wasu ke saye da sunan Fansidar, ba gwaji, ba tambaya.

Ba a ce a guji magani ba. Zazzaɓin kansa yana fasa jini, kuma irin su Coartem ba sa cikin waɗanda ake zargi. Kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jarirai kuwa yana ciki.

Iyaye su nemi gwajin G6PD, su sa a rubuta sakamakon a katin asibiti. Yaron da fitsarinsa ya yi duhu bayan shan magani, a dakatar da maganin, a kai shi asibiti a ranar.