Aikin Hannu: Amsa-kuwwa bisa mota, makunni kusa da direba

Tun kaka da kakanni, in sarki yana da magana, sanƙira ke zagaya gari yana shela. Har yau bai bar aikinsa ba. Amma muryar mutum ɗaya ba ta cika babbar kasuwa, kamar ta Maraɗi ran Litinin da Juma'a, ko ta Damagaram ran Alhamis, ko ta Tawa ran Lahadi. Ba ta kuma kai ruggagen da ke nesa. Shi ya sa ake ɗaura amsa-kuwwa bisa mota, wadda wasu ke kira bututu. Da ita ake shelar rigakafin yara, da allurar dabbobi, da ranar rabon iri, da cigiyar raƙumin da ya ɓata.

Aikin ba shi da wuya. Amma in aka yi shi da garaje, akwai hasara. Ga abin da ya sami wata ƙungiyar manoma da makiyaya.

Malaman dabbobi sun aiko cewa za su zo yi wa shanu allurar ciwon huhu. Ƙungiya ta ari mota don a zagaya rugga bakwai a faɗa wa kowa ranar. Yaron mota ya ce ya iya haɗi. Ya ɗaura bututu biyu, ya murɗe wayoyinsu tare da na lasifikar cikin mota. Bai sa makunni ba. Bai duba lamba ko ɗaya ba.

Bisa hanya direba ya kunna kiɗa don jin daɗinsa. Ya manta abin da yake ji ciki, shi ne ke fita waje da ƙarfi. Da suka zo bakin wata rijiya, shanun da ke shan ruwa suka firgita, suka watse cikin daji. Makiyaya suka yi fushi. A rugga ta biyu rediyo ya yi zafi, ya yi wari, ya mutu. Rugga biyar ba su ji shela ba. Da labari ya iske su, malamai sun riga sun wuce. Sai da suka kora garkensu tafiyar yini guda kafin su sami allura.

Abu biyu suka jawo wannan: rashin karanta lamba da rashin makunni.

A fara karanta lambobi

Kayan wuta duka suna da rubutu a jikinsu. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana iya karanta shi.

A jikin batir akwai 12 V. Wannan shi ne ƙarfin wutar ƙaramar mota. Manyan kamiyo da yawa suna aiki da 24 V. Kayan da aka rubuta wa 12 V, in aka ba su 24, ƙonewa suke yi.

A kan batir akwai alama biyu: + da −. Jar waya ta + ce. Baƙar waya ta − ce, ita ke haɗe da ƙarfen mota.

A bayan bututu akwai lamba 4, ko 8, ko 16, tare da wata alama mai kama da kofaton doki: Ω. Sunanta om. In lambar ƙarama ce, wuta mai yawa bututun ke ja. Yawancin rediyon mota an yi su don om 4. In aka haɗa bututu biyu masu 8, + da +, − da −, lissafi ya koma 4. Wannan daidai ne. In aka haɗa biyu masu 4, lissafi ya koma 2. Nan kaya ya fi ƙarfin jaki. Abin da yaron mota ya yi ke nan: bututunsa biyu sun ba da 4, ya ƙara lasifikar ciki mai 4, aka koma 2.

Kayan da ake bukata

Bututu ɗaya ko biyu, irin wanda ruwa ba ya ɓatawa. Waya mai jijiya biyu, mai kauri, wadda robarta ba ta tsage ba. Makunni mai ƙafa 6. Guntun tiyo na roba. Baƙar roba mai manne ta naɗe waya.

Rediyon mota ya isa in saƙon an riga an ɗauke shi. Da can a kaset ake ɗauka, yanzu a wayar salula ko a katin memori. In kuwa mutum zai yi magana da bakinsa, ana bukatar makirufo da ampili, wato akwatin ƙara murya, mai 12 V. Ampili yana tafiya da fizibil, wanda wasu ke kira fis.

Yadda ake haɗawa

1. A kashe mota. A fara cire wayar − daga batir. In aka fara da +, sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta yi tartsatsi.

2. A ɗaure bututu da noti bisa ƙarfen ɗaukar kaya. Igiya ba ta riƙe shi a hanya mai gargada. A ɗan sunkuyar da bakinsa ƙasa, don kada ruwan sama da rairayi su taru ciki.

3. A jawo waya daga bututu zuwa cikin mota. Duk inda ta ratsa ƙarfe, a sa ta cikin guntun tiyo. Girgizar mota tana sa ƙarfe ya ci roba sannu a hankali.

4. A kafa makunni inda hannun direba ke kai. Ƙafafunsa layi uku ne, biyu biyu. Na tsakiya su karɓi wayoyi biyu masu fitowa daga rediyo ko ampili. Na sama su tafi lasifikar ciki. Na ƙasa su tafi bututun waje. Ta haka rediyo ba ya ɗaukar ciki da waje lokaci ɗaya.

5. Kada wayar bututu ko ɗaya ta taɓa ƙarfen mota. Wasu tsofaffin rediyo suna yarda da haka, amma na yanzu lalacewa suke yi. Dalili ke nan ake neman makunni mai katse wayoyin duka biyu.

6. In akwai ampili, jar wayarsa ta tafi + na batir, baƙar ta tafi ƙarfen mota, wurin da aka kankare fenti. A sa fizibil bisa jar wayar, kusa da batir, kimanin taƙi ɗaya. Girmansa yana rubuce a jikin ampili ko a takardarsa.

7. A naɗe kowane haɗi da baƙar roba. A mayar da wayar − daga ƙarshe. A rage murya, a gwada. Sa'an nan a rubuta CIKI da WAJE a gefen makunni da manyan baƙaƙe.

Wanda bai taɓa yin aikin wuta ba, ya kai wa makanisiyan. Amma ya tsaya kusa da takardar nan a hannu, ya ga an bi matakan.

Fizibil da batir

Fizibil mai gadi ne. In waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi ke tsinkewa, wuta ta tsaya. In ya tsinke, a nemi dalili, a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Wasu suna sa guntun waya ko takardar taba mai ƙyalli a madadinsa. Wannan shi ne kwana da garwashi cikin rumbu. Waya za ta yi ja, roba ta kama, mota ta ƙone.

Amsa-kuwwa tana shan batir in mota tana tsaye. Kada a wuce awa ɗaya ko biyu ana shela ba a tada inji ba. A cikin gari akwai masu turi. A daji, cikin rairayi, babu.

Ladabin makunni

Makunni ƙaramin abu ne, amma shi ke tsare mutuncin mai shela. Bisa hanya a bar shi a CIKI. Direba ya saurari labarun Muryar Sahel, ko ya sake jin saƙon don ya tabbata ranar da wurin daidai suke.

Kusa da likita, da lakkol, da masallaci lokacin salla, da gidan rasuwa, a bar shi a CIKI. Bakin rijiya da wurin garke, a tsaya nesa, a gai da masu dabbobi, sa'an nan a fara da murya ƙasa ƙasa.

Mai makirufo ya zauna bayan bututu. In ya tsaya gabansa, sai ta yi ta kuka mai huda kunne. A hana yara sa kunne a bakin bututu, don ƙara mai tsanani tana rage ji.

In an gama shela, a mayar da makunni CIKI kafin a shiga hira. Magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa kan bashin wani ko auren wata, in ya fita ta bututu, kasuwa duka ta ji.

Ƙungiyar nan ta sayi wani rediyo da kuɗin asusunta, ta sa makunni. Magatakardanta ne ya karanta lambobin, shi ya rubuta CIKI da WAJE. Da shelar rigakafin yara ta zo, motar ta kai rugga bakwai ɗin duka, ta dawo gida kafin magariba.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda: yadda ake kula da batir lokacin bazara.