Sabis ɗin wayarka lissafi ne, kuma wasu ke cin kuɗinsa

Duk shekara ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE kan tara masana a wani taro mai suna SPAWC. A Faris aka fara shi a 1997, na 2024 kuma aka yi shi a garin Lucca na Italiya. Ba ya tashe a TikTok, babu mai yanko bidiyonsa. Amma abin da suke tattaunawa shi ne abin nan da kake tsaki a kai idan bidiyo ya tsaya yana ta juyawa: yadda saƙo zai bar eriya, ya bugi gini, ya ratsa hayaniyar dubban wayoyi, kuma ya iso hannunka bai lalace ba.

Lissafi ne zalla, kuma akwai kuɗi a ciki. A 2009 Erdal Arikan, farfesa a jami'ar Bilkent da ke Ankara, ya wallafa wata sabuwar hanyar gyara kurakuran saƙo. Malamin jami'a ne fa. Huawei ya ɗauki aikin, ya zuba injiniyoyi a kai, a 2016 aka shigar da hanyar cikin ƙa'idojin 5G.

Mu fa? A Disambar 2021 MTN da Mafab kowannensu ya ci gwanjon lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Na'urorin daga waje ake kawo su, kuma cikin kuɗin wayar da ka saya akwai kason masu haƙƙin mallakar fasahar, irin su Qualcomm da Nokia da Ericsson.

Duk da haka, da an ce fasaha a wajenmu sai hankali ya tafi kan haɗa manhaja da kirifto. Kwas ɗin sigina kuwa, wanda ɗaliban injiniyan lantarki ke yi, haddace shi ake yi a ci jarabawa a manta. Alhali ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis matsala ce ta bincike, kuma ba wanda ta dama kamar mu.

Ya kamata TETFund da NCC su riƙa ɗaukar nauyin ɗaliban da aka karɓi takardunsu a irin wannan taro. Kai kuma ɗalibi, kada ka zauna jiransu. Manhajar GNU Radio kyauta ce, kuma da ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta za ka ga siginar gidan rediyon garinku a kan allo, ka fara wasa da ita.