Agogo Ɗaya, Lokaci Iri-iri

Jama'a, ga wata magana da nake so mu duba a wannan mako. A Dogon Daji, ƙasar Tambuwal, mutum uku suna iya zama inuwa ɗaya, amma kowa da irin ƙidayarsa ta zamani.

Akawu yana bin shekarar Turawa mai kwana 365. Malami yana bin Hijira mai kwana 354, watau ta gaza waccan da kwana 11. Don haka azumi ke zagayawa: a 2015 ya kama cikin Yuni, farkon damina, a 2025 kuwa cikin Maris, ana shiga bazara. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Akawu ya ce shekara 50 ke nan, malami ya ce daga 1357 zuwa 1409, kusan 52. Dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Shi kuwa manomin Kebbe, idonsa na sama. Shekararsa ita ce shuka, da noma, da maimai, da kaka. Wanda ya ba shi rancen taki, ya yanka masa ranar biya tun gero bai nuna ba, ya tura shi sayar da akuyarsa a wulakance.

Ko agogon ma yana da tasa. Nijeriya duk ƙarfe ɗaya take bi, amma rana ba ta san wannan doka ba. Tana faɗuwa a Kano kusan minti 15 kafin ta faɗi a Dogon Daji, a Maiduguri kuwa fiye da rabin sa'a. To, mai azumin da ya ji kiran sallar Kano a rediyo, ya kai dabino baka alhali rana ba ta faɗi ba tukuna, ina azuminsa?

Roƙona ga 'yan'uwana ma'aikata da malaman makaranta shi ne, kada mu raina wanda ya ce zai zo da hantsi don bai ce ƙarfe tara ba. Mu tambaye shi abin da yake nufi, mu gaya masa namu. In za a rubuta alkawari, a sa kwanan wata na Hijira da na Turawa duka, a kuma dubi lokacin da amfanin gona ke shiga rumbu. Yara su ma a koya musu ƙidayar nan uku, don wanda ya iya su ba a cutarsa, shi kuma ba ya cutar kowa.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.