Mai Kwance Bam Ya Fi Ƙarfin Yabon Baki

Jama'ar Cheberu, da na Gwandu da Kalgo baki ɗaya.

Akwai wani ma'aikaci wanda in kowa ya sheƙa da gudu, shi sai ya matsa kusa. Shi ne mai kwance bam. A cikin soja injiniyoyi ke wannan aiki. Su ke shiga gaban ayari suna laluben nakiyar da aka binne, don motar da ke bayansu ta wuce lafiya. 'Yan sanda ma suna da nasu rukuni.

Ran 14 ga Fabrairu 2012 an san bam a Unguwar Sarki, cikin Kaduna. An ga wani ƙunshi a bakin titi, Saje Sunday Badang na 'yan sandan kwance bam ya je dubawa, abin ya tashi da shi. Ba rigar sulke a jikinsa. Mutanen da ya tsaya wa ba danginsa ba ne, bai kuma tambayi addininsu ba.

Kada wani ya ce wannan masifar mutanen nesa ce. A watan Disamba 2024 nakiya ta tashi da matafiya a hanyar Ɗansadau, nan maƙwabtanmu Zamfara. Hanyar da aka binne wa nakiya kuwa, ba mai kai gero kasuwa ta cikinta.

To, yaya ake girmama irin waɗannan bayin Allah? Kowace shekara ran 15 ga Janairu manya kan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Madalla. Amma fure ba ya ciyar da maraya. Girmamawa ta gaskiya biyu ce. Tun yana raye a ba shi sulke da na'urar gano nakiya. In ta Allah ta kasance, a biya iyalinsa haƙƙinsu ba tare da matarsa ta tsufa a bakin ofis ba.

Kuɗin waɗannan abubuwa Majalisar Tarayya ke amincewa da su, 'yan majalisa kuwa ku ke tura su. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ko namu ne, ku tambaye shi a gaban jama'a: me za ka yi wa mai kwance bam, da marayunsa?

Ku kuma gargaɗi yara da makiyaya. Wanda ya ga baƙon ƙarfe ko waya a hanya kada ya taɓa, ya sanar da mai gari da hukuma.

Allah Ya tsare mu, amin.