Masuncin da ke mayar da kifi ruwa

 A wannan wata za mu yi nisa, har ƙasar Amurka, mu ga wata sana'a ta bakin ruwa. Can akwai masunta da ke ciyar da iyalinsu da kifi, alhali ba su kai ko ɗaya kasuwa. Sanin ruwa suke sayarwa.

A jihar Tekzas akwai wani tabki da ake kira Fok. Hannu ne ya yi shi. An datse wani gulbi, ruwa ya taru a shekarar 1980, ya rufe fili wajen hekta dubu 11. Ba a sare itatuwan wurin duka ba. An bar da yawa tsaye, ruwa ya shanye su. Yau cikin kututturan nan kifi ke ɓuya.

Kifin da ake nema sunansa bas. Babu shi a ruwanmu. Ya ɗan yi kama da ƙaramar giwan ruwa. Bakinsa da faɗi, jikinsa kore-kore, da baƙin zane daga kai zuwa wutsiya. Mafarauci ne, ƙananan kifaye da kwaɗi yake ci. Yawancinsu ba su wuce kilo 1 ko 2 ba. Mafi girma da aka taɓa kamawa a Tekzas, a Fok aka same shi a 1992, kilo 8 da ɗan ɗori.

Ga yadda abin yake. Mutum ya taso daga birni, misali Dalas, mai nisan wajen kilomita 100. Yana da kuɗi, yana da sha'awa, amma bai san ruwan ba. Sai ya ɗauki jagora. Ladan yini guda yakan wuce jikka 200 a kuɗinmu. Baƙo sai ya sayi takardar izinin su daga hukuma, jagora ma yana da tasa. Tun da asuba su shiga jirgi mai inji, baƙo ɗaya ko biyu da jagora. In sun kusa wurin kifi sai a kashe babban inji, a tada wani ƙarami na batir wanda ba ya ƙara. Babu taru, babu birgi. Kowa da sandar fatsa guda. Abin da ake sa wa ƙugiya ma na roba ne, an yi shi kamar tana ko kwaɗo ko ɗan kifi. A jefa, a ja a hankali, a sake jefawa, har rana ta yi gora.

A jirgin akwai na'ura mai nuna zurfin ruwa da abin da ke ƙasa. Amma na'ura ko baƙo yana iya sayen tasa. Abin da ba ya sayuwa a kanti shi ne abin da ke kan jagora. Ya san in sanyi ya yi kifi na gangarawa zurfi. Ya san wajen watan Maris, in ruwa ya fara ɗumi, kifi na hawowa bakin gaɓa don saka ƙwai. Namiji ya share wuri da wutsiya, mace ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya tsaya gadi. Ya san tsohuwar hanyar mota da ruwa ya rufe, da inda korama take a da. Kamar makiyayin da ya san rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, haka yake.

To, an kama kifi. Sai me? Jagora ya jiƙa hannu don kada ya goge yauƙin jikin kifin. Ya cire ƙugiya, ya auna, a ɗauki hoto, ya sake shi cikin ruwa. Baƙo ya koma gida da hoto kawai, yana ta murna!

Na san wani zai yi dariya, ya ce wannan wasan masu ƙoshi ne. Da gaskiyarsa. Wanda ke neman abin miya ba zai saki kifin da ya shigo hannu ba. Amma a duba lissafin jagora. Babban kifi in an soye shi, sau ɗaya ya yi amfani. In yana ruwa, bana ya kawo baƙo, baɗi ya kawo wani. Kuma manyan nan kusan duk mata ne, su ne iyayen garke. Wane makiyayi ne zai yanka saniya mai ciki don ya ga baƙo?

Hukuma ma ta sa doka. A Fok, duk bas mai tsawo tsakanin santimita 41 da 61, tilas a mayar da shi ruwa. A yini ba a wuce kifi 5, kuma ɗaya tak ake yarda ya zama babba. Tun 1986 akwai wani tsari kuma: wanda ya kama uwa mai kusan kilo 6 ko fiye, yana iya ba hukuma aronta da rai. A kai ta gidan kiwon kifi ta yi ƙwai, a raba ƴaƴan cikin tabkuna. Ta farko da aka kai, wani jagora ne mai suna Mak Sitibinsan ya kama ta a Fok. Kilo 8 ta yi, har suna aka raɗa mata, Etel.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun kakanni sarkin ruwa kan hana su a tabki har ranar da za a buɗe. Masuntan Madarunfa da Tabalak da Gidimuni sun san kifin da aka kwashe yana ƙarami ba ya haihuwa. Mai shiga ruwa da taru mai ƙanƙanen ido, ko da gidan sauro, irin shuka yake ci.

Sai dai kada wani ya ji labarin nan ya ce a kawo mana bas. Ku ji abin da ya sami Japan. An kai shi can a 1925. A 1974 aka fara ganinsa a Biwa, tabki mafi girma a ƙasar. Ya yaɗu, ya dinga cinye ƙananan kifayen da masuntan wurin suka gada. Girma kam ya yi, don a 2009 an kama mai kilo 10 a nan. Amma tun 2003 hukumar yankin ta hana mayar da shi ruwa. An ajiye akwatuna a bakin tabki, duk wanda ya kama bas ya jefa shi ciki.